Bekta ko Bitmaf: Gardamar Manhaja a Aikin Sabunta Shafin Wani Ɗakin Karatu

Wani ɗakin karatu mai zaman kansa ya nemi a sabunta masa shafinsa na intanet, wanda aka gina tun zamanin da kusan kowa da kwamfutar tebur yake shiga yanar gizo. Mu uku aka ɗora wa aikin: masu zane biyu, sai ni da ke rubuta kod ɗin da zai mayar da zanensu shafi mai aiki. Babbar mai zanen ta shafe fiye da shekara goma tana aiki da Photoshop, manhajar gyaran hoton bitmaf (hoton da aka haɗa da ɗigogi), har hannunta ya saba da shi ta yadda ba ta duban maɓallan kwamfuta idan tana gyara. Abokin aikinta kuwa matashi ne da ya taso da Inkscape da Figma, manhajojin zanen bekta (zanen da ake ajiyewa a matsayin umarnin layi da siffa), kuma a ganinsa duk hoton da ba bekta ba ne tsohon yayi ne. Tun a zaman farko aka ja daga a kan tambaya guda, wato da wace manhaja za a yi aikin, domin shugabar ɗakin karatun ta gindaya sharaɗin cewa idan mun gama mun tafi, ma'aikatanta za su ci gaba da kula da hotunan da kansu, kuma ba ta son a bar musu tulin manhajojin da ba za su iya riƙewa ba.

Abin da ya fara tona asirin matsalar shi ne tambarin ɗakin karatun, wato buɗaɗɗen littafi da bishiya ta tsiro daga tsakiyarsa. Da muka nemi ainihin fayil ɗinsa, sai aka turo mana wani hoton bitmaf a tsarin JPEG mai faɗin ɗigo 200 da tsawon ɗigo 200, aka ce shi kaɗai ya rage, domin wanda ya zana shi ya daɗe da barin aiki. A tsohuwar kwamfutar ofishin tambarin yana fitowa daidai gwargwado. Da na buɗe shi a waya ta zamani sai gefen ganyen bishiyar ya yi dishi-dishi, kuma wata irin ƙura mai ruwan toka ta kewaye haruffan sunan, irin wadda JPEG ke bari a duk inda baƙi ya yi iyaka da fari.

Hoton bitmaf jeri ne na ɗigogi masu launi da aka shirya layi-layi kamar saƙar tabarma, kuma adadinsu ƙayyadadde ne tun ranar da aka adana shi. Tambarin nan ɗigo 40,000 ne cif, kuma babu manhajar da za ta ƙaro masa bayanin da ba ya ciki. Idan aka buƙaci ya cika wurin da ya fi ƙarfinsa, sai na'ura ta ƙirƙiro ɗigogin tsakiya ta hanyar ƙiyasi, daga nan dishi-dishin ke fitowa. Tun da kamfanin Apple ya fitar da iPhone 4 a 2010, mai fuskar da ke cusa ɗigo 326 a kowane inci, aka shiga zamanin da wurin da shafi ya ɗauka a matsayin ɗigo ɗaya yake zama ɗigo huɗu na zahiri, a wasu wayoyin ma tara. Saboda haka tambarin da zai fito tas a irin wannan fuska yana buƙatar ɗigo 160,000, ko 360,000 a wayoyin da suka ninka sau uku. Zanen bekta kuwa ba ya ajiye ɗigo ko ɗaya. Umarni yake ajiyewa: fara daga nan, lanƙwasa zuwa can, rufe siffar, cika ta da kore. Lanƙwasar da ake amfani da ita ta samo suna daga Pierre Bézier, injiniyan kamfanin motoci na Renault a Faransa, wanda ya yi aiki da ita wajen tsara jikin mota a shekarun 1960, ko da yake Paul de Casteljau na kamfanin Citroën ya riga shi gano lissafin. Tunda umarni ne, burauza, wato manhajar buɗe shafukan intanet, ce ke zana siffar sabuwa fil a duk girman da aka nema, ko a kan ƙaramar waya ko a kan allon bango.

A kan tambarin babu wata doguwar muhawara. Matashin ya ɗora tsohon hoton a ƙasa, ya bi shi da alƙalamin Inkscape da hannu gaɓa bayan gaɓa, ya shafe kusan yini guda yana daidaita lanƙwasar ganyen, aka samu ɗan ƙaramin fayil ɗin SVG, wato tsarin bekta na intanet, da ya fito garau a kowace na'ura da muka gwada. Ita ma babbar mai zanen ta yaba. Sai dai nasarar ta ɗan hau masa kai, domin washegari ya zo da shawarar a yi watsi da manhajar bitmaf baki ɗaya.

"Malama, gani ya kori ji," in ji shi. "Tunda bekta ba ya lalacewa komai girmansa, me zai sa mu ci gaba da ɗaukar nauyin ɗigogi?"

Ba ta musa masa ba. Cewa ta yi, "To, Malam, ga zanen sashen yara nan, ka mayar mana da shi bekta mu gani."

Zanen sashen yaran shi ne ginshiƙin wannan lamari, don haka ya cancanci a tsaya a kansa. Wata mai zane ce ta yi shi a kan takarda da launin ruwa: yara uku zaune a gindin bishiya, launin sararin sama yana narkewa daga shuɗi zuwa fari, ana ganin hatsi-hatsin takardar a ƙarƙashin launin, da wuraren da ruwan ya taru ya bushe ya bar baki mai ɗan duhu. An ɗauki hotonsa da na'urar sikana, kuma shi ake so ya zama babban hoton saman sashen. Matashin ya saka shi cikin kayan bin sawu na Inkscape, wanda aka gina a kan manhajar Potrace, ya umarce shi ya raba hoton zuwa launuka takwas. Abin da ya fito ya yi kama da taswirar tuddai: sararin saman da ke narkewa a hankali ya koma tsiri-tsiri masu kaifin baki, fuskokin yaran suka zama faci-faci. Ya ƙara yawan launukan zuwa 64. Kamannin sun ɗan dawo, amma yanzu kowane ƙwayar hatsin takarda ya zama siffa mai zaman kanta da gaɓoɓinta, fayil ɗin ya kumbura ya ninka JPEG na asali sau da yawa, ita kanta manhajar ta fara jan ƙafa idan aka matsar da hoton. Da na ɗora shi a shafin gwaji na buɗe a wata tsohuwar waya, sai ga shafin yana sarƙewa a duk lokacin da aka ja shi sama, saboda wayar ce ke lissafa dubban siffofin nan tana zana su. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne, ko da yake mutane da yawa ba sa lura da shi sai sun ci karo da shi. Nauyin fayil ɗin bitmaf ya dogara ne a kan girmansa da irin matsewar da aka yi masa, shi kuwa nauyin bekta ya dogara ne a kan yawan siffofin da ke cikinsa. Da'ira ɗaya layin rubutu ɗaya ce, ko da za ta cika bangon gida. Hoton da kowane lungu nasa ke da launi dabam ba shi da wata siffa da za a taƙaita, don haka bayyana shi da lissafi ya fi jera ɗigoginsa tsawo. Tsarin JPEG, wanda aka kammala a 1992, an ƙirƙiro shi ne musamman domin irin wannan hoto: yana yar da ƙananan bambance-bambancen launi da ido ba ya kamawa, shi ya sa hoton kyamara mai faɗin 4000 da tsawon 3000, wato ɗigo miliyan 12 da za su ci kusan megabait 36 idan ba a matse su ba, yake komawa ɗan kaso kaɗan na wannan nauyi ba tare da mai kallo ya ga bambanci ba. Wannan dabarar da ke yi wa hoton kyamara rana ita ce kuma ta ɓata gefen haruffan tambarin tun farko.

Zanen yaran ya koma hannun babbar mai zanen. Ta buɗe shi a Photoshop, ta cire ɗigon ƙurar da sikana ta kwaso, ta gyara farin takardar da ya karkata zuwa rawaya, sannan ta fitar da shi a girma uku. Ni kuma na rubuta wa burauza umarnin ta zaɓi wanda ya dace da fuskar mai kallo, ƙaramin ga waya, babban ga kwamfuta. Mun yi amfani da tsarin WebP, wanda Google ya fitar a 2010 kuma Safari, burauzar Apple, ya fara karɓa a 2020, muka ajiye JPEG a baya domin tsofaffin na'urori. Haka aka yi wa hotunan ɗakunan karatu da na bangon littattafai, ba tare da wata gardama ba.

Da a nan aka tsaya, da sai a ce ita ce ta yi nasara, amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Tsarinta na asali shi ne ta zana kowane shafi gaba ɗayansa a Photoshop, a faɗi guda ƙayyadadde, sannan a yayyanka zanen gunduwa-gunduwa a ba ni in harhaɗa. Haka aka yi shekaru ana gina shafuka, kuma ba laifinta ba ne, domin a lokacin da ta koyi aikin babu wata hanya mai inganci. Ƙungiyar W3C, mai tsara ƙa'idojin yanar gizo, ta amince da tsarin SVG tun 2001, amma burauzar Internet Explorer, wadda ta mamaye kasuwa a wancan lokaci, ba ta iya nuna shi da kanta ba sai a fitowa ta tara a 2011. Shekara goma ke nan da mai zanen da ya yi tambarinsa a Illustrator, manhajar bekta ta Adobe, dole ya mayar da shi GIF ko PNG, wato bitmaf, kafin ya hau shafi. Akwai manhajar da ta yi ƙoƙarin haɗa ɓangarorin biyu domin aikin intanet, wato Fireworks da Macromedia ya fitar a 1998. Adobe ya sayi kamfanin a 2005, sannan ya sanar da daina bunƙasa manhajar a 2013. A ganina wannan giɓin ne ya buɗe wa manhajojin tsara shafi irin su Sketch, da ta fito a 2010, da Figma, da aka buɗe wa jama'a a 2016, ƙofar da suka shigo ta ciki.

Abin da ya karya tsohuwar hanyar shi ne shafi ba shi da faɗi guda kuma. Tun da mai tsara shafukan intanet Ethan Marcotte ya yi rubutunsa a 2010 a kan shafin da ke sauya tsari gwargwadon fuskar da aka buɗe shi, ya zama wajibi mai zane ya nuna yadda abu ɗaya zai kasance a waya da kwamfutar hannu da babban allo. Da muka gwada hanyarta a shafin farko, sai da ta yi zane uku dabam-dabam, kuma da shugabar ɗakin karatun ta ce a ɗan ƙara duhun koren maɓallan, sai da ta bi su ɗaya bayan ɗaya a fayil uku. Shi kuwa matashin, a Figma, maɓalli ɗaya ya ƙera a matsayin uwa, sauran duk 'ya'yanta ne. Ya canza launin uwar, kowane shafi ya bi. Ni ma da nake gini na fi samun sauƙi a wurinsa, saboda akwati da layi da rubutu da tazara su ne ainihin kayan da burauza ke aiki da su, don haka ina karanta ma'aunin kai tsaye maimakon in riƙa auna ɗigogi a jikin hoto. A nan ta sakar masa, kodayake ta yi kwana biyu tana ƙorafin cewa manhajar ba ta da buroshi na kirki, kuma gaskiyarta ne.

Taswirar cikin ginin ma bekta ta zama. An so mai ziyara ya taɓa sashen tarihi ko na yara ya ga bayaninsa, kuma da yake SVG rubutu ne da burauza ke karantawa kamar sauran shafin, kowane ɗaki ya zama siffa da za a iya ba ta mahaɗi, a canza mata launi idan an taɓa ta, manhajar da ke karanta wa makafi allo kuma ta iya furta sunanta. Ƙananan alamomin shafin, irin su na bincike da agogo da kwandon aro, su ma haka. Da aka buƙaci shafin ya samu yanayin duhu domin masu karatun dare, layi ɗaya na kod ya sa dukkan alamomin suka ɗauki launin rubutun da ke kusa da su, alhali da PNG ne sai an sake fitar da kowace alama a launi na biyu.

Sai dai a kan waɗannan alamomin ne bekta ya nuna nasa halin. Da aka ƙanƙantar da su zuwa ɗigo 16, sai siraran layukansu suka fito dusu-dusu a kwamfutar ofishin, ruwan toka maimakon baƙi. Matashin ya rantse cewa ba zai yiwu ba, ai bekta ne. Babbar mai zanen ce ta gano matsalar, domin idonta ya saba da ɗigogi: ta ɗauki hoton allon, ta zuƙo shi sau goma sha shida, ta nuna masa yadda layin mai kaurin ɗigo ɗaya ya faɗo a kan iyakar ɗigogi biyu, rabi nan rabi can, burauza kuma ta raba launin ta ba kowanne rabi. Duk wani bekta, komai tsabtar lissafinsa, a ƙarshe ɗigogi yake zama kafin ido ya gan shi. Ya koma ya kunna ragar ɗigo a manhajarsa, ya matsar da kowane layi da rabin ɗigo ya zaunar da shi daidai, alamomin suka washe. Ɗan ƙaramin tambarin da ke zama a saman burauza kuwa, ganyen bishiyar sun cakuɗe a wannan girma har ba a gane su, don haka ita ta zauna ta gyara shi ɗigo bayan ɗigo, ta rage ganyen zuwa uku.

Akwai wasu tarkuna biyu da muka faɗa, waɗanda ya kamata a ambata saboda ba a ganinsu da ido. Na farko, wani zanen ado da aka fitar a matsayin SVG ya zo da nauyin da bai dace da shi ba. Na buɗe shi a manhajar rubutu, sai na tarar da dogon jerin haruffa marasa ma'ana a tsakiyarsa: hoton PNG ne cikakke aka cusa a ciki, saboda an shigo da wani yanki daga hoto ba a sake zana shi ba. Sunan fayil ɗin bekta, cikinsa bitmaf. Na biyu, sunan ɗakin karatun da ke jikin tambarin ya fito da wani salon haruffa dabam a wayar shugabar, saboda an bar shi a matsayin rubutu kuma wayarta ba ta da salon da aka yi amfani da shi. Maganin shi ne a mayar da haruffan siffofi kafin a fitar, a kuma ajiye kwafi ɗaya mai rubutun da za a iya gyarawa. Bayan haka sai muka gano cewa ko tambarin ma ba zai rabu da bitmaf kwata-kwata ba, domin hoton da ke bayyana idan aka yaɗa mahaɗin shafi a Facebook ba ya karɓar SVG, haka ma Gmail ba ya nuna shi a cikin wasiƙa. An fitar da PNG daga ainihin bektan domin waɗannan wurare, aikin minti biyu, wanda da a ce ta ɗaya ɓangaren aka faro da ya sake cin yini guda.

Wani abu da ya ba mu mamaki shi ne sa hannun wanda ya kafa ɗakin karatun, da aka so a saka a shafin tarihi. Daga tsohuwar takarda aka ɗauko shi, don haka kowa ya ɗauka bitmaf zai zauna. Amma tawada baƙa ce a kan fari, siffa ɗaya mai kaifin baki, irin abin da Potrace ya fi ƙwarewa a kai. Babbar mai zanen ta fara tsabtace hoton ta ƙara masa bambancin baƙi da fari, matashin ya bi sawunsa ya rage gaɓoɓin da suka yi yawa. Wannan ne kaɗai aikin da ya ratsa manhajojin biyu a jere, kuma kayan bin sawun da suka kunyata matashin a zanen yara su ne suka fitar da shi kunya a nan.

Saura sharaɗin shugabar. Da muka zauna muka duba abin da ma'aikatanta za su riƙa yi bayan tafiyarmu, sai muka ga kusan dukkansa aikin hoto ne: ɗaukar bangon sabon littafi, yanke shi, rage girmansa, ɗora shi. Tambari da alamomi da taswira ba sa canzawa sai jefi-jefi. Tun 2013 Adobe, kamfanin da ke da Photoshop, ya koma tsarin biyan kuɗin rajista a kai a kai maimakon sayen manhaja sau ɗaya, kuma ba mu ga hujjar ɗora musu wannan nauyi domin yanke hoto kawai ba. Aka girka musu GIMP, manhajar gyaran hoto wadda kyauta ce kuma ta isa wannan aiki, babbar mai zanen ta koya wa biyu daga cikinsu matakai huɗu, ta rubuta musu girman da kowane irin hoto zai kasance. Inkscape kuwa a kwamfuta ɗaya kawai aka saka ta, domin ranar da za a sauya wa wani ɗaki suna a taswira. An damƙa musu jaka biyu: ɗaya ta ainihin fayiloli, inda tambarin ke zaune a SVG da zanen yaran a cikakken girmansa ba tare da matsewa ba, ɗayar kuma ta abubuwan da aka fitar domin shafi, da gargaɗin kada a taɓa gyara na jaka ta biyu a sake adanawa, saboda JPEG yana ƙara lalacewa a duk lokacin da aka buɗe shi aka sake matse shi.

Bayan wata uku shugabar ta kira tana neman tambarin domin allon da za a kafa a ƙofar ginin, mai faɗin mita biyu. Ma'aikacinta ya riga ya tura wa masu bugawa PNG ɗin da muka yi domin wasiƙa, su kuma suka dawo da shi suka ce ba zai yi ba. Na ce masa ya buɗe jaka ta farko ya tura fayil ɗin da sunansa ya ƙare da SVG, kuma da shi aka buga allon.